Igiyar Fata

Alhamis. Kasuwar Dole ta tumbatsa,
'yan kabu-kabu na ta ihu,
Tanimun ya kai hannu baki.
Tabon nan ya girmi haƙoransa.

Likita ta ce gado ne,
wani zare ya yi rauni a halitta.
Ni baduku ne, na san zare.
Na kitsa masa igiyar jar fata.

Ba na cewa kalle ni,
ido ƙona shi yake.
Mukan zauna gindin duwatsun Birni,
tafina bisa kafaɗarsa, da nauyi,
mu hura iska kamar masu shan kunu.
Ɗaya. Biyu. Huɗu, in ji shi.
Na ƙyale.

Yau, kafin in ajiye basilla,
ya laluba aljihu da kansa.