Faifan Tsalle

Likita ya auna jinina, ya dubi tumbina,
ya ce, "Malam Sa'idu, tun da masaƙar Kakuri ta rufe
me ka ɗaga ban da kofin shayi?"

Asabar sai ga Zinatu daga Kasuwar Barci
da wani faifai na gwanjo mai ƙafa shida,
baƙar roba a ɗaure tamau kamar fatar kalangu.
"Baba, hau."

Ni da na aurar da 'ya'ya huɗu?

Na jira gida ya watse,
na tuɓe hula, na yi bisimilla.
Ƙasar da na taka shekara sittin
ba ta taɓa mayar mini da komai ba.
Wannan kuwa na danna shi, ya cilla ni sama.

Yanzu bayan asuba, kafin jirgi ya yi kuka a Rigasa,
ina yin ɗari biyu.
Zufa na bin gemu,
mangwaron maƙwabci na leƙowa ta katanga,
ya ɓace, ya dawo, ya ɓace.

Jiya na tarar da Talatuwa a kai,
ta sha ɗamara da gyale, tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa.
Na ja da baya, ko tari ban yi ba.