Ajiyar Bazara

Mangwaron da Baba ya dasa a Basawa
bai san gwargwado ba.
Bazara na kamawa sai ya yi ta jifan kwano,
tim, tim, har tsakar dare.
Kafin mu tashi ƙudaje sun riga mu.
Akuyar Ladingo ma ta ƙoshi, ta kau da kai.

Kwando uku na kai Sabon Gari,
ko kuɗin mota bai fito ba.

Sai na sami Barau kafinta a Tudun Wada,
na zana masa da tsinke a ƙasa:
akwati a kishingiɗe, cikinsa baƙin fenti,
gilashi a sama, faifan raga a ciki,
kafa biyu, iska ta shiga ta fita.
Ya ce, "Kaji za ki kiwata?"
Na ce, "Rana zan ɗauka aiki."

Yankan farko ya yi kauri,
ya yi funfuna, na zubar.
Na biyu hadari ya yi mini sauri.
Na uku, yini biyu cur,
ya fito yana lanƙwasa kamar jar fatar dukawa,
zaƙin duk ya taru wuri guda.

Yau ga marka, Kubanni ta cika,
ba ko ɗa ɗaya a bishiya.
Na buɗe kwalba.
Ladingo ta tauna, ta yi shiru,
ta ce, "Ranar nan da ta gasa mu,
ashe tana da kirki?"
Ban tanka ba, ina ƙirga:
saura kwalba bakwai.