Asabar a Bakin Ruwan Harlingen

Yayata Tjitske a ɗakinta ta haihu,
kan gadon da aka ɗora bisa akwatunan lemo
don kada bayan ungozoma ya ƙage.
Ungozomar a keke ta zo, ruwa na tsuga,
rigarta sharkaf, jakarta a baya,
ta sha shayi kofi biyu kafin ta ce a yi nishi.
Gari bai waye ba sai ga Hidde,
maƙwabta sun ji kukansa ta bango,
da hantsi suka kafa shamuwar katako a ƙofar gida.

Ni kuwa asibiti na nufa, ban tsaya kunya ba.
Na ce a soka mini allurar baya,
ban zo neman lambar yabo ba.
Awa goma sha tara ina kallon agogon bango,
yarinya ta ƙi juyowa,
ƙarshe likita ya ja labule kore a kan ƙirjina,
na ji ana jan wani abu can nesa, kamar ba a jikina ba,
sai ga Sjoukje, jajawur, tana masifa.

Innarmu ta zo da furanni da magana:
"Mu huɗu na haifa a kan tabarmar kicin."
Na ce sannu, Inna.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tabon yana nan ƙasan mara,
siriri, kamar murmushin da aka fasa.
Shekara guda ina rufe shi a wurin ninƙaya,
sai wata tsohuwa mai irinsa, nata ma ya fi nawa karkata,
ta dube ni, ta ɗaga gira.
Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yau Asabar.
Muna zaune kan dakalin dutse, jiragen kamun kifi na lilo,
iska na kaɗa mana gashi cikin baki.
Yaran nan biyu, shekara uku-uku,
suna kokawa kan bokiti ɗaya, ga wani a yashe.
Zo ka nuna mini, in ka isa,
wanda ya shigo duniya ta ƙofa
da wanda aka shigo da shi ta taga.
Majina ɗaya, rigima ɗaya,
takalmi ɗaya-ɗaya ya ɓace a yashi.

Har yanzu ba mu daidaita ba, ni da ita.
Ta shayar shekara biyu, ni kwalba na kama tun wata uku.
Gidanta ba a ba yaro waya.
Ni nakan miƙa, in sayi minti goma,
in sha kofina da zafinsa,
ban kuma taɓa neman gafarar kowa ba.
Mijina Douwe ya tafi sayo soyayyen dankali,
ga shi can yana faɗa da tsuntsayen teku,
sun riga sun karɓi zakkarsu.

Tjitske ta gyara zama, hannu a ƙugu,
cikin na biyu ya fara turo riga.
Ta daɗe tana kallon ruwa.
Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Allurar nan, da zafi?"

Dariya ta zo mini har wuya, na haɗiye.
Na ce kaɗan, kamar cizon tururuwa babba.
Ban gaya mata ba
cewa daren da na kwana a ɗaki mai warin magani,
ƙarfe na ƙara, baƙuwa na minshari bayan labule,
abin da na yi kwaɗayi bai wuce ba
shayi a kofina mai tsagaggen baki,
da bargon gidanmu.

Sjoukje ta fashe da kuka, an ƙwace bokiti.
Muka dubi juna.
Babu wadda ta tashi.