Batir Mai Kama da Kwabo

Ƙarfe ɗayan dare a Valparaíso,
jirgin kaya na kuka daga tasha,
ni kuwa ina durƙushe a kan tayil
gaban akwatin da ya ƙi tashi.

Laifina ne, ba na musu.
Ƙanena Eliseo ne ya haɗa ta da hannunsa
kafin aikin ma'adinai ya kai shi Calama.
Shekara huɗu tana riƙe mini lissafin gidan burodi,
ko tari ba ta taɓa yi ba.
Ni ce na ji wani mai sayen kek yana cewa
ƙwaƙwalwarta za ta iya gudun da ya fi haka.
Da magariba na sabunta Bayos,
na shiga shuɗin shafi na ɗaga lamba,
dubu uku da ɗari biyu ta koma da ɗari shida.
Na adana, na fita.
Garin gyaran gira na rasa ido.

Fanka ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa,
kamar mai son gaishe ka da sunanka ya ɓace masa.
'Yar fitila ja a gefen babban allo
ta kafe wuri ɗaya tana harara.
Gilashin gaba baƙi ƙirin,
ba kowa a ciki sai ni da gashina a hargitse.

Na zare wayar wuta, na danne maɓalli
har na ƙirga talatin. Shiru.
Na sauya wayar hoto, na sauya mata rami. Shiru.
Na ciro sandunan ƙwaƙwalwa biyu,
na goge musu haƙoran zinariya da bakin riga,
na mayar da ɗaya tak a rami na biyu,
na danna sai da ya ce ƙas.
Fanka ta juya.
Ta tsaya.

Don Baldomero na ƙasan bene
ya doki silin da sandar tsintsiya sau uku.
Na cire takalmi.

Na tura wa Eliseo: Ka yi barci?
Minti ashirin, sannan amsa, ba ko gaisuwa:
Me kika taɓa?
Na faɗa. Ya turo dariya mai tsawon layi biyu.
Cire batirin nan mai kama da kwabo, in ji shi,
ki bar ta ta manta.

Da bakin cokali na ɓamɓaro shi.
Na ajiye shi a kan faranti kusa da gishiri.
Ko nauyin wake bai kai ba,
amma duk ƙaryar da na koya mata a daren nan
shi ke riƙe da ita.
Na dafa shayi. Ban sha ba.

Minti biyar, na mayar, na danna.
Fanka ta juya, ta tsaya, gabana ya faɗi.
Kar ki taɓa, ya rubuto, kamar yana ganina,
karatu take sakewa, ba ta lokaci.
Na zauna a kan hannayena.
Jar fitila ta matsa gaba, ta zama rawaya,
ta mutu.
Ƙit. Ƙara ɗaya, siririya.

Farin rubutu ya fito yana tambayar kwanan wata.
Ita a ganinta ɗaya ga Janairu ne
na wata shekara can baya,
lokacin da Mama ke nan tana murza ƙullu,
Eliseo na kwana a wannan ɗakin
da safarsa a kan kujerata.

Na daɗe ban gyara mata ba.

Sai da agogon tanda ya buga uku da rabi
na ba ta ranar yau,
na bar lambar inda na same ta tun farko.
Bashin fulawa ya buɗe, bai ragu da sisi ba.
Sandar ƙwaƙwalwa ta biyu tana aljihuna har yanzu,
ta jira sai an gama sayar da burodi.