Abin da Gam Zai Rufe

Tun da waya ta koyi faɗin lokaci
ba mai kawo mini agogo sai jefi-jefi.
Rumfata na nan bayan babbar kasuwar Garwa,
hantsaki na nan, gilashin ido ɗaya na nan,
hannu kuwa bai iya zaman banza ba.

Sai na kama jirgin.
Tsawonsa taƙi ɗaya, ko bai cika ba,
fiffike sama, fiffike ƙasa,
irin na da, wanda ban taɓa gani ba
sai a yagaggen kalanda
da mai kifi ta naɗo mini ragon ruwa a ciki.
Har yau hoton na ƙarnin Binuwai.

Gangar jikin ba ta ci mini mako ba,
ƙananan ne suka cinye damina.
Ginshiƙai takwas na tsinken ashana,
kowanne na fere shi da reza har ya rame.
Haƙarƙarin fiffike ashirin da shida,
na lulluɓe su da takardar shayi,
na shafa ruwan ƙaro,
ta bushe ta ɗame kamar fatar kalangu.

Sai wayoyin.
Na farke matacciyar rediyon Barau tela,
na warware jan ƙarfen da gashi ya fi shi kauri.
Zura nan, ja can, gitta su,
riƙe numfashi,
don a nan atishawa ma guguwa ce.
Sau bakwai ɗaya ta tsinke.
A na takwas ban zage ta ba, lallashinta na yi.

Da na gama fenti sai ya yi tsaf, tsaf ɗin ƙarya.
Na lakato baƙin gindin buta,
na goga bayan inji, inda hayaƙi zai bi,
na ɗiga jar ƙasa a taya.
Abin da bai yi datti ba, bai je ko'ina ba.

Kujerar matuƙi da zaren kaba na saƙa ta,
ƙwayar wake za ta cika ta.
Gabanta na dasa fuskar agogon wata mata
da ta kawo gyara shekara tara ba ta dawo ba,
na rage hannun daƙiƙa har ya zama ƙaiƙayi.
Barau ya leƙo, awo rataye a wuya:
"In ka ɗora fiffiken sama, wa zai ga wannan?
Kana yi wa duhu kwalliya."

Ban tanka ba.
Shekara arba'in ina rufe bayan agogo
a kan aikin da ba a gani.
Mai shi fuska yake kallo, ya biya, ya tafi.
Ni na san wane haƙori na wanke.

Jiya da la'asar saura waya ɗaya,
hannu ya ƙi, yana rawa kamar mazari.
Tasalla jikata ta ajiye kwanon kunu:
"Kaka, zai tashi?"
"Ba zai tashi ba."
"To, kawo."
Ta zura ta sau ɗaya, ko ƙifta ido ba ta yi ba.
Na ji daɗi, na kuma ji haushi kaɗan.

Kafin gam, na maƙala mata gilashin a ido.
Ta sunkuya ta daɗe.
Babura na wucewa, mai ƙanƙara na kira,
ita tana can ciki, zaune a kujerar kaba.
Da ta ɗago, cewa ta yi:
"Agogonsa ya tsaya a ƙarfe huɗu."

Yanzu mu biyu ne muka gani.
Na ɗiga gam a kan ginshiƙai takwas,
na sauke fiffiken a hankali,
na danne da yatsa
har aka kira magariba.