Inuwar Haraji

Shekara tara a jere ba mu nemi ƙarin albashi ba.
A zauren ƙungiya, nan Toledo,
Wendell ya ɗaga hannu tare da sauran:
ku riƙe dalolinku, ku bar mana katin asibiti.
Mai aikin gilashi ya san abin da yake shaƙa.
Garin yashi ba ya sallama
in zai shiga huhu.

Katin nan shi ne gadonmu.
Da shi aka ɗinke gwiwata,
da shi aka ciro Noreen daga cikina wata bakwai,
tana kamar ɗan tsako a tafin hannun nas.

Sai ga wani mai tabarau a talabijin,
muryarsa sanyi kamar ruwan randa.
Ya ce inshora mai tsada tana sangarta mutane,
wanda ba ya taɓa aljihu ba ya tambayar farashi,
asibiti kuwa ta ga banza ta faɗi, sai ta ƙara sifiri.
A ɗora wa irin wannan kati haraji, in ji shi,
kowa zai shiga taitayinsa.

Ban ce ƙarya yake ba.
Na san Gaylord, maƙwabcinmu,
ko atishawa ya yi sai an ɗauki hoton kansa.
Amma ma'aunin ya auna tsada ne kawai,
bai tambayi abin da ya kawo ta ba.
Namu ya yi tsada don mun tsufa,
don tanderu ya gasa mu shekara talatin.
An bar jaki, ana dukan taiki.

Harajin bai ma iso ba.
Inuwarsa ce ta riga shi shigowa gari.
Kamfani ya hango gemun wani zai kama wuta,
ya aske namu.
Wasiƙa ta zo ran Talata, shafi huɗu:
dala dubu uku na farko daga aljihunku,
bayan nan mu yi magana.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, albishir:
ƙarin kwabo talatin da ɗaya a kowace awa.

Na baje takardu a teburin kicin,
na buga lissafi har gahawa ta huce.
Ya ƙi fita.

Tarin ya fara a watan Nuwamba.
Likita Ostrowski ta ce a ɗauki hoton ƙirji.
Wendell ya tambayi nawa ne,
karo na farko a rayuwarsa.
Ga shi nan, mai tabarau, burinka ya cika:
mijina ya koyi tambayar farashi.
Ya ninke takardar gida huɗu
ya cusa ƙarƙashin kujerar mota.

Daga nan sai ya koma yin tarinsa a gareji,
ya kunna rediyo don kada in ji.
Ina ji.
Shekara talatin da huɗu, har numfashinsa na haddace.

A watan Maris, ƙanƙara na narkewa a bakin Maumee,
ya faɗi yana share ƙofar gida.
Kuɗin motar asibiti kaɗai
ya ninka na hoton da muka yi tsimi.
Kwana goma sha ɗaya a gado.
Wa aka rage wa kuɗi? Ni dai ban gan shi ba.

Daga baya muka ji an ɗage harajin,
an sake ɗagewa, an soke shi ɗungurungum.
Na jira wasiƙa ta biyu.
Har yau ina duba akwatin.
Hadari ya watse,
amma wanda ya cire mana rufi bai dawo da shi ba.

Yanzu yana zaune bakin taga,
bututun iska a hanci,
kusa da tsuntsun gilashin da ya hura min
shekarar da muka haɗu.
Wani lokaci yakan ɗaga shi ga hasken rana
ya ce, Marlene, kin ga kumfar nan a cikinsa?
Numfashina ne.
Tun lokacin da yake kyauta.