Ramuka Biyu

Wata goma sha ɗaya ina tara kuɗin nan
a gwangwanin madara, bayan buhun shinkafa.
Ni ce Nélida, mai haɗa bidiyon biki a Comas.
Tsohuwar kwamfutata in na ba ta aiki da almuru
sai asuba take tofo shi,
tana nishi kamar mai hawan tudu da kaya.

Ranar Asabar na sauka titin Wilson.
Lima na yayyafinta da ba ya jiƙa riga
sai dai ya jiƙa zuciya.
Hawa na uku, shago kamar akwatin ashana,
Don Eusebio Huamán na zaune cikin wayoyi,
tabarau a goshi, wani a hanci.

Na ajiye takardata, na ce furosesa nake so,
babbar, mai zuciya goma sha shida.
Ya dubi takardar, ya ƙirga kuɗina sau biyu,
ya ce, to allon fa?
Na ce abin da ya saura ya isa.
Ya yi dariya har tabarau ɗaya ya faɗo.

Ya ce, 'yata, ki sayi tukunyar gidan biki
ki ɗora kan murhun gwangwani?
Uwar allo ce ke raba wuta;
in ta yi rauni, zafi zai kama ta,
ita kuwa babbar taki sai ta rage gudu
ta koma tafiyar hawainiya da kuɗinki a baki.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya fito da allo, ya kwantar a tafin hannu,
wani gari ne baƙi, da tituna na azurfa,
da fili a tsakiya, murabba'i,
cike da allurai sirara kamar gashin jariri.
Ya ce, nan za ta zauna.
In soket bai dace ba, ko kuka kika yi ba ta shiga.
In allura ɗaya ta lanƙwashe, kin yi asara.

Na yi fushi, na fita, na zaga shago bakwai.
Wani yaro ya rantse mini arha ba ta da illa,
idonsa na kan jakata.
Na sha shayin emoliente a tsaye,
na sake hawa matakalar nan a hankali.

Zuciya takwas na ɗauka,
da allo mai ƙarfi, mai ramukan ma'adana huɗu.
Biyu na cike. Biyu, in ji shi, na baɗi ne.

A bas na rungume kwalin bisa gwiwa,
duk ramin titi sai na ji shi a haƙorina.

Dare, teburin kicin, na ture albasa gefe.
Mama Teófila ta riƙe mini fitilar waya,
hannunta na rawa, hasken na rawa.
Na daidaita ɗan kusurwar zinariya da ɗan'uwansa,
na sake ta, ta zauna da kanta, ba tilas.
Ɗigon man sanyi kamar ƙwayar wake,
fanka a sama, noti huɗu.

Na danna.

Shiru.

Mama ta ce, ko ta mutu ne?
Wata goma sha ɗaya suka taso mini a wuya.
Sai ita, da ba ta san komai ba a nan,
ta nuna da haɓa: waccan wayar fa, ta wa ce?
Tana reto can sama, ban soka ba.

Fanka ta juya.

Na ba ta bikin 'yar gidan Mamani,
wanda ke cinye mini dare ɗungurungum.
Na ɗora ruwan kofi.
Kafin ya tafasa ta gama.

Muka zauna, ni da Mama, ƙarfe goma kacal,
ga dare guda a hannu, ba mu san inda za mu sa shi ba.
Karnukan tudu na haushi.
Ta leƙa cikin akwatin ta gilashi,
ta ce, waɗancan ramuka biyun, me ya sa ba komai?

Na ce, wanke mini gwangwanin nan da safe.